Yadda za ka zaɓi manyan lasifikokin gida ba tare da ra'ayoyin mutane sun ruɗa ka ba

Duk wanda ya shiga neman manyan lasifikokin nan masu tsayawa da kansu a ƙasa, waɗanda tsayinsu ke kai ƙugu ko ƙirjin mutum, abin da zai fara cin karo da shi shi ne ra'ayoyi. Wani ya ce Bowers & Wilkins ba ta ɓoye komai a cikin kiɗa, wani ya ce kaifinta na gajiyar da kunne. Wani ya rantse da Sonus faber saboda taushin muryarta, wani ya ce ta cika shafa wa kiɗa mai. A ambaci Klipsch, nan take jama'a su rabu biyu. Kuma yawancin masu maganar nan ba ƙarya suke yi ba, kowa abin da ya ji yake faɗa. Sai dai ba lasifikar kaɗai ya ji ba. Ya ji ta ne a cikin ɗakinsa, da amfilifayarsa, a ƙarfin da ya saba, da waƙoƙin da yake so, idonsa na kallon ƙyallinta, kuma ya san abin da aka kashe a kanta.

Saboda haka ni ba na fara wa mutum da sunan kamfani. Ina fara masa da ɗakinsa, daga nan a bi sauran abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya bi wannan jeri, ra'ayoyin mutane za su yi masa amfani, domin ya san wanne ya shafe shi, wanne kuma labarin ɗakin wani ne.

Mataki na farko: ɗauko tef ka auna ɗakin

Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya fita daga lasifika ya bugi bango, sai ya dawo ya haɗu da wanda ke biye da shi. A wasu wurare su haɗa ƙarfi, a wasu wurare su kashe juna. Kamar ruwa ne a cikin daro idan ka girgiza shi: yana tashi sosai a gefe da gefe, tsakiya kuwa kusan ba ya motsi. Bes, wato kaurin sautin nan da ake ji a ƙirji, shi wannan abu ya fi shafa.

Lissafin ba shi da wuya. Ka raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. Ɗaki mai tsawon mita 5 zai riƙa kumbura sautin da ke wajen 34 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri), da ninkinsa 69, da 103. Idan faɗinsa mita 4 ne, akwai wani kumburin a 43 Hz da 86. Idan rufin yana kan mita 2.7, ga wani a 64 Hz. Lura da yadda 64 da 69 suka yi kusa da juna: a nan ne bes zai riƙa yin gunji a wannan ɗaki, kowace irin lasifika ka saka. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya ya fi kowanne wahala, domin kumburin biyu sun hau kan juna.

Ka gwada da kanka, ko da da lasifikar da kake da ita yanzu, in dai tana iya sauka ƙasa haka. Saka sauti guda mai tsayawa a kan lambar da ka lissafo na tsawon ɗakin, ka jingina da bangon baya. Za ka ji shi ya cika maka kai, wataƙila har ƙofar kabad ta fara kakkarwa. Yi tafiya a hankali zuwa tsakiyar ɗakin. Taku uku ko huɗu, sai ka ji kamar wani ya rage ƙarar, a daidai tsakiya kuma ya kusa ɓacewa ɗungurungum. Bambancin wuraren nan biyu yakan wuce 15 dB (dB shi ne ma'aunin ƙara), alhali bambancin bes tsakanin manyan lasifikoki biyu masu kyau da wuya ya kai haka. Daga kusan 200 ko 300 Hz zuwa ƙasa, ɗaki ne ke mulki. Shi ya sa duk wanda ya ce maka “wannan bes ɗinta ya yi yawa” ko “wannan ba ta da bes”, kafin ka karɓa ka tambaye shi inda kujerarsa take.

Ka duba ginin ma. Bangon bulo ko kankare yana riƙe bes fiye da bangon katako ko na allon filasta, wanda ke barin wani sashe ya fice. Tayil da gilashi kuma suna mayar da siririn sauti da kaifinsa. Tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. Idan ka ji wani ɗan “tirrr” ya biyo baya, ɗakin na bukatar kafet da labule masu kauri tun kafin sabuwar lasifika ta shigo.

Abu na ƙarshe a nan shi ne nisan zama. Babbar lasifika mai baki uku ko huɗu a jere daga sama zuwa ƙasa tana bukatar tazara kafin sautukan bakunan su haɗe su zama murya ɗaya, galibi mita 2.5 zuwa 3 ko fiye. Idan abin da ɗakinka zai ba ka bai wuce mita 2 ba, ka nemi ƙaramar cikin jerin, ba babbar ba. Ba ragi ka yi wa kanka ba, dacewa ka bi.

Mataki na biyu: yaya kake son ƙarar, kuma me zai tuƙa ta

Lambobi biyu ne a takardar bayanin lasifika suka cancanci ka tsaya a kansu. Ta farko ita ce ƙarar da take bayarwa a nisan mita 1 idan aka ba ta bolt 2.83, misali 87 dB. Ƙarin 3 dB na bukatar ninka wutar amfilifaya sau biyu. Ƙarin 10 dB, wanda kunne ke ji kamar ƙara ta ninka, yana bukatar wuta ninki goma.

Mu ɗauki mai 87 dB, kana zaune a mita 3. Nisa zai ci kusan 9 dB, lasifika ta biyu da bangayen ɗaki su mayar maka da wajen 5, ka tashi da kusan 83 dB daga wat ɗaya. Wannan ƙara ce mai gamsarwa. Amma kiɗan da aka naɗa da kyau yana da wuraren da yake zabura, bugun ganga ko shigowar dukan makaɗa lokaci guda, kuma zaburar na iya kai 20 dB sama da matsakaicin ƙarar. Ka ga ana bukatar wat 100 ke nan don kada amfilifaya ta shaƙe a wannan ɗan lokaci. Da lasifikar mai 90 dB ce, wat 50 ya isa. Da mai 84 ce, sai 200. Klipschorn kuwa, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a 1946 kuma har yau ake yin ta a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka, kamfanin na ba ta wajen 105 dB, wat biyu ma ya ishe ta wannan aiki.

Lamba ta biyu ita ce turjiyar lantarki, wadda ake aunawa da om. A nan ake yawan faɗawa rami. Za a rubuta om 8, amma turjiya ba ta zama wuri ɗaya, tana hawa tana sauka gwargwadon sautin da ake bugawa. Manyan lasifikokin jerin 800 na Bowers & Wilkins, misali, om 8 aka rubuta musu, kamfanin da kansa kuma ya bayyana cewa suna sauka zuwa wajen om 3. Lambar ƙasan nan ita za ka nema. Idan ta yi ƙasa da 4, kana bukatar amfilifayar da aka tabbatar tana iya ɗaukar om 4 ba tare da ta yi zafi ta kashe kanta ba, kuma wat ɗinta na ƙaruwa sosai idan turjiya ta sauka. Ka tuna kuma bolt 2.83 wat ɗaya ne a om 8, amma wat biyu ne a om 4. Lasifika mai om 4 da aka rubuta wa 90 dB, a haƙiƙa 87 take bayarwa daga wat ɗaya.

Wannan hawa da saukar turjiya na bayyana wani saɓanin ra'ayi da aka daɗe ana yi. Amfilifaya mai bawul, irin mai kwalaben gilas masu haske, takan sauya launin sauti gwargwadon turjiyar lasifikar da aka haɗa ta da ita, abin da yawancin masu taransista ba sa yi. Mutum biyu na iya mallakar lasifika iri ɗaya, ɗaya ya ji ta da ɗumi, ɗaya ya ji ta a bushe, kuma kowanne ya yi gaskiya. Sannan kada ka ji tsoron amfilifaya mai ƙarfi. Ƙaramar da aka matsa mata har ta shaƙe ta fi saurin ƙona tiwita, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti.

Mataki na uku: san irin ginin da ke gabanka

Akwai wata doka da ake jingina wa Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da ƙara mai yawa daga wuta kaɗan, biyu za ka samu, ba uku ba. Wannan shi ne ainihin dalilin wanzuwar manyan lasifikoki. Girman akwatin ne ke ba su damar sauka ƙasa ba tare da sun zama masu haɗamar wuta ba. Igiyar ƙasa ta gitar bes tana kan 41 Hz, mabuɗin ƙarshe na fiyano yana kan 27.5 Hz. Lasifikar da ke kai 35 Hz da ƙarfinta ta riga ta ɗauke maka kusan duk kiɗan da za ka saurara.

Yawancin waɗanda za ka gani masu rami ne, wato akwai bututun iska a gaba, ko baya, ko ƙasa, wanda ke taya wufa, wato babban bakin da ke ba da kaurin sauti, fitar da bes. Suna ba da ƙarfi, amma da zarar an sauka ƙasa da inda aka saita bututun, sautin na faɗuwa da sauri, kusan 24 dB duk lokacin da lambar Hz ta ragu da rabi. Masu rufaffen akwati, hanyar da Edgar Villchur ya shahara da ita tun 1954 kuma kamfanin Magico na Kalifoniya ke bi a yau da akwatunansa na alminiyam, suna faɗuwa a hankali, 12 dB kawai. A ɗaki matsakaici mai bangon kankare na fi son rufaffen akwati, domin abin da ɗakin ke ƙarawa yana cike abin da take ragewa. A babban falo kuwa mai rami ta fi cika wuri.

Masu ƙaho suna harba sauti gaba kai tsaye, ba sa watsa shi sosai ga bangaye, kuma zaburar ganga a cikinsu tana da rai irin wanda da wuya ka samu a wani wuri. Idan ƙahon bai yi kyau ba, murya kan fito kamar mai magana ta cikin tafin hannu. Masu falle, irin Quad ta Ingila da Peter Walker ya fitar a 1957, da MartinLogan, da Magnepan ta jihar Minnesota, fallensu ba ya cikin akwati, siririn falle ne ke kaɗawa yana fitar da sauti gaba da baya. Muryar mutum a cikinsu abar so ce. Amma suna son a janye su daga bango aƙalla mita ɗaya, wurin zama mai daɗi a gabansu ƙunci gare shi, kuma masu aiki da tsayayyar lantarki irin MartinLogan turjiyarsu kan faɗi zuwa wajen om 1 a can saman sauti. Akwai kuma masu cusa tiwita a tsakiyar bakin da ke fitar da sautin tsakiya, don duka su fito daga wuri guda. Tannoy ta fara haka a 1947, KEF ta zo da nata salon mai suna Uni-Q a 1988. Idan mutane da yawa ne za su riƙa zama suna saurare tare, ka ba waɗannan muhimmanci.

Game da kayan da ake yin tiwita da su, za ka sha talla. Focal ta garin Saint-Étienne a Faransa tana amfani da ƙarfen beriliyam, Bowers & Wilkins tana amfani da lu'ulu'un da ake haɗawa a masana'anta tun 2005. Dalilin gaskiya ne: abu mai tauri kuma marar nauyi ba ya lanƙwashewa sai a can sama da inda kunne ke ji. Amma a nawa ganin an fi ba wannan girma fiye da ƙimarsa. Kurosoba, wato ɗan allon da ke raba wa kowane baki nasa kason sautin, da yadda bakunan ke miƙa wa juna aiki ba tare da gurbi ba, su suka fi yanke hukunci. Tiwitar yadi ta Dynaudio da aka haɗa da kyau ta fi ta lu'ulu'u da aka haɗa da gaggawa.

Kada kuma ka rufe ido ga masu amfilifaya a cikinsu, irin na ATC ko KEF LS60. Kowane rukunin bakuna da tasa amfilifayar da aka auna masa, kuma duk ciwon kan mataki na biyu ya kau.

Mataki na huɗu: yadda ake karanta ra'ayi, da yadda ake karanta awo

Floyd Toole ya shafe shekaru yana gwajin saurare a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada da ke Ottawa kafin ya koma kamfanin Harman a 1991. A 1994 shi da Sean Olive suka sa mutane suka ba lasifikoki maki sau biyu: sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labulen da sauti ke ratsawa. Da ana gani, manya masu ƙyalli sun sami maki mai tsoka. Da aka sa labule, tazarar ta ragu ƙwarai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a bayan labule makin na sauyawa idan an matsar da lasifika zuwa wani wuri a ɗakin, amma idan ana kallo kusan ba ya motsi. Ido ya riga ya yanke hukunci, kunne bin sa kawai yake yi. Ƙwararrun masu saurare ma ba su tsira ba.

Binciken ya nuna wani abu kuma: idan ba a gani, yawancin mutane abu ɗaya suke so, wato lasifikar da ba ta fifita wani sashe na sauti a kan wani, wadda kuma abin da take watsawa gefe ya yi kama da abin da take harbawa gaba. A 2004 Olive ya fitar da lissafin da ke hasashen makin masu saurare daga awo kawai, a kan lasifikoki 70, kuma hasashen ya dace da makin da ma'aunin 0.86, inda 1 ke nufin cikakkiyar dacewa. Zurfin bes shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi 30 cikin 100 na lissafin. Daga wannan aiki aka samo ƙa'idar awo ta CTA-2034, inda ake auna lasifika sau 70, ana juya ta digiri goma-goma a kwance da a tsaye.

Idan ka sami zanen da ake fitarwa daga wannan awo, layi biyu za ka duba. Na sama, na sautin da ke zuwa kai tsaye, ya kasance a miƙe ba tudu ba kwari. Na ƙasa, na jimillar abin da take watsawa, ya gangaro a hankali ba tare da karyewa ba. Idan ka ga ya lotsa a wajen 2,000 zuwa 3,000 Hz sannan ya sake tashi, bakin tsakiya da tiwita ba su miƙa wa juna aiki lafiya ba, kuma a ɗaki mai tayil da gilashi za ka ji wannan a matsayin kaifi. Idan kuma ka ga ƙaramin tudu ya bayyana a wuri ɗaya a dukan layukan, wani abu ne ke kakkarwa a jikin akwatin ko bakin. Awo ba ya faɗin komai. Wannan zane ba ya gaya maka iyakar ƙarar da za ta ɗauka kafin ta fara gurɓata sauti, kuma bai cika yi wa masu falle adalci ba. Amma yana rage maka jerin sunaye ashirin zuwa huɗu ko biyar, kuma kamfanin da ke neman kuɗi mai yawa ya ƙi nuna awo, ni ina ɗaukar hakan da nauyi.

Ra'ayin mutum kuwa, ka auna shi da tambayoyi: girman ɗakinsa, nisan zamansa, ƙarar da yake sakawa, da wace lasifika ya kwatanta, kuma kwana nawa ya yi da ita. Wanda ya saya jiya, zuciyarsa na son ta tabbatar masa bai yi asara ba. Ra'ayin da ya fi daraja shi ne na wanda ke son lasifikarsa amma ya iya gaya maka aibinta. Idan mutum biyar da ba su san juna ba, a ɗakuna daban-daban, suka ambaci aibi ɗaya, to na lasifikar ne.

Mataki na biyar: ranar saurare

Je da waƙoƙinka, biyar ko shida da ka sani kamar yunwar cikinka. A ciki a sami maganar mutum zalla ba kiɗa, da fiyano shi kaɗai, da waƙar da bes ke hawa yana sauka, da mai cunkoson kayan kiɗa, da guda ɗaya wadda ba a naɗa da kyau ba amma kana son ta. Ta ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin yawancin abin da za ka saurara a gida ba naɗin gwaji ba ne.

Kafin komai a daidaita ƙara. Bambancin 1 dB kawai ya isa ya sa wadda ta fi ƙara ta zama kamar ta fi tsabta, ta fi bes, ta fi faɗi, kai kuma ba za ka ma lura ƙara ce ta bambanta ba. Saka shuuu ɗin gwaji, wato sautin “shuuu” mai tsayawa a ƙara ɗaya, ka ajiye waya mai manhajar auna ƙara a inda kanka zai kasance, ka rubuta inda maɓallin ƙara ya tsaya ga kowace lasifika. Duk kwatancen da aka yi ba tare da wannan ba, ƙara aka kwatanta. Ka nemi a sauya da sauri kuma, domin kunne ba ya riƙe ainihin launin sauti fiye da 'yan daƙiƙoƙi.

Fara da maganar mutum. Rufe ido. Muryar ta tsaya a wuri guda a tsakiya, girmanta girman bakin mutum, ba faɗin bango ba. Saurari harafin “s”: idan yana fita kamar tsartuwa, yana rabuwa da sauran maganar, akwai tudu a wajen 5,000 zuwa 8,000 Hz. Saurari ƙirjin muryar namiji: idan kowane namiji ya zama mai kaurin murya kamar yana magana a cikin kabad, akwai kumburi a wajen 100 zuwa 200 Hz. Idan za a yarda, saurari lasifika ɗaya tilo na ɗan lokaci. Toole ya gano cewa aibi ya fi fitowa fili a haka, domin daɗin sitiriyo na rufe abubuwa da yawa.

A waƙar bes, bi sautukan ɗaya-ɗaya. Kowanne ya fito da nauyi daidai da ɗan'uwansa. Sannan miƙe tsaye, ka sake zama, ka matsa kujerar gefe. Lasifika mai kyau tana sauyawa kaɗan ne, ba ta zama wata daban ba. Rage ƙarar sosai ka ji ko kiɗan na nan da ransa. Ƙara ta kuma zuwa iyakar da za ka taɓa sakawa, ka ji ko murya ta fara tauri. Kada ka daɗe a can sama: awa 8 ne iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka sa a 85 dB, kuma kowane ƙarin 3 dB na raba lokacin biyu.

Daga nan ka daina gwaji, ka saurara kawai na awa guda. Lasifikar da ke burge mutum a minti biyar na farko sau da yawa an ɗaga mata bes da siririn sauti ne, kuma ita ce ke sa hannu ya riƙa kai wa maɓallin ragewa bayan minti arba'in. Idan akwai halin a ba ka aro ka kai gida, ko a yi yarjejeniyar mayarwa a rubuce, kada ka bari ya wuce ka. A kaya masu wannan daraja ba roƙo ba ne, haƙƙinka ne ka tambaya.

Idan ta hannu ce

Lasifika mai kyau tana shekara ashirin tana aiki, don haka ta hannu ba abin gudu ba ce. Sa yatsu a kewayen tsakiyar wufa ka tura a hankali, daidai wa daida. Idan ka ji gogayya, kwayil, wato naɗin wayar da ke motsa bakin, ya taɓu. Duba zoben da ke gefen wufa: na soso yana ruɓewa da shekaru, na roba ya fi daɗewa. Kara kunne kusa da kowane baki a ƙaramar ƙara ka tabbatar duka suna aiki. Lambobin jikin biyun su kasance a jere. Tiwitar beriliyam da ta fashe kada ka taɓa ta, ƙurarta guba ce. Ka tambayi kwalayen asali kuma, domin irin su 801 D4 ta Bowers & Wilkins kowace ɗaya ta kai kilo 100, kuma a wajen ɗauka aka fi yi musu rauni.

Mataki na ƙarshe: girkawa

A nan rabin abin da ka biya yake fitowa ko ya salwanta. Fara da kujera. Kada ta kasance a tsakiyar tsawon ɗakin, inda bes ke ɓacewa, kada kuma ta manne da bangon baya, inda yake gunji. Wajen kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗakin daga bangon gaba wuri ne mai kyau na farawa, in tsarin ɗakin ya bari. Sannan ka jera lasifikokin yadda tazarar da ke tsakaninsu za ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kanka. Hagu da dama su yi nisa ɗaya da bangon gefe. Yi amfani da tef, kada ka yi da ido, domin santimita biyar na iya karkatar da muryar tsakiya.

Nisa daga bangon da ke bayansu yana da nasa lissafin. Bes da ya koma baya ya bugi bango yana dawowa ya kashe wani sashe na wanda ke zuwa gaba. Raba 343 da ninki huɗu na tazarar da ke tsakanin fuskar lasifika da bangon. Mita 1 zai haƙa rami a 86 Hz, daidai inda bugun ganga yake. Rabin mita zai matsar da ramin zuwa 172 Hz. Matsar da su santimita goma-goma kana maimaita waƙar bes ɗin nan, kana liƙa salatif a ƙasa a duk inda ya yi daɗi. Tazarar bangon da ke bayansu da ta bangon gefe kada su zo ɗaya. Sai ka gama wannan kafin ka ɗaura musu ƙusoshin ƙafa.

Tiwita ta yi daidai da tsayin kunnenka a zaune. Juya fuskokinsu su kalle ka, sannan ka riƙa buɗe su kaɗan-kaɗan har faɗin ya ishe ka ba tare da tsakiya ta yi rami ba. Idan siririn sauti ya yi kaifi, buɗewar kan rage shi. Ka zauna, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango lasifika a madubin, nan ne sauti ke fara bugawa ya dawo maka, nan za ka sa labule mai kauri ko kantar littattafai idan ɗakin na da amsa-kuwwa. Kafet mai kauri tsakaninka da su, teburin gilashi kuma a kawar da shi gefe. Duba wayoyi: ja da ja, baƙi da baƙi a duka ɓangarorin. Idan ɗaya ta juye, bes zai zube, murya ta rasa mazauni. Wayar tagulla mai kaurin milimita 2.5 murabba'i ta wadatar ga 'yan mitoci, kuɗin da za a zuba a wayoyi masu tsada gara a sa shi a gyaran ɗaki.

Bayan haka ka auna. Manhajar REW kyauta ce, makirufon awo irin UMIK-1 na miniDSP kuma a kwamfuta ake soka shi kai tsaye. Ajiye shi a inda kanka ke zama, za ka ga tuddan da ka lissafa a mataki na farko sun bayyana kusan a lambobinsu. Tudu ana iya rage shi da ikwalaiza, wato na'urar ragewa ko ƙara wani sashe na sauti, ko da manhaja irin Dirac Live, musamman ƙasa da 300 Hz. Rami kuwa ba a cike shi da ƙarin wuta, domin duk abin da ka ƙara, wanda ya dawo daga bango ma ya ƙaru, su sake kashe juna, amfilifaya ce kawai za ta wahala. Maganin rami matsar da kujera ne ko lasifika. Idan ya ƙi, ka ƙara sabwufa, wato akwati na daban da bes kaɗai yake fitarwa, ko da manyan lasifikokinka na sauka ƙasa da kansu. Wurin da ya dace da murya da faɗin sitiriyo ba safai yake dacewa da bes ba, sabwufa kuwa kana iya ajiye ta inda bes ya fi daidaita. Binciken Todd Welti a Harman a 2002 ya nuna cewa biyu, ɗaya a tsakiyar bangon gaba ɗaya a tsakiyar na baya, suna daidaita bes a kujeru da yawa fiye da guda ɗaya. Fara raba musu aiki a 80 Hz, ka sake aunawa, sannan ka bar komai yadda yake na mako guda kafin ka sake taɓa wani abu, domin kunnenka ma na bukatar ya saba da sabon sautin kafin ya iya gaya maka abin da ya rage.